Ɗinkin Goran Tahiru

Mushenku, wato malamin makarantarku, ya turo ku ku tambayi tsofaffi yadda ake amfani da kayan gida a da da yadda ake yi yanzu, wai darasin kula da muhalli. To, ku zauna, amma ku matsa daga kan kabar nan, jiƙa ta na yi. Na ji abin da dogon nan na bayanku ya faɗa tun daga ƙofa, wai aikina huda ne da zura zare, ko makaho ya yi. Ban ji haushi ba, na gaji da jin haushi. Sunana Sanda, gyartai ne ni, wato mai ɗinkin ƙwarya, kuma tun gemuna bai fito ba nake wannan aiki a nan Gaya ta bakin gulbi. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya soma ha'inci, saboda haka sau ɗaya zan faɗa, wanda ya ji ya ji.

Aikina na farko wani ƙoƙon shan ruwa ne mai ƴar tsaga a baki, tsagar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Maigidana ne ya miƙo mini shi, Baba Na'iya, mutumin Karakara da ya sauko Gaya saboda kasuwa. Kafin ranar na daɗe ba abin da nake yi sai jiƙa kaba, da tsaga ta da farce har ta yi siriri, da hura garwashi. Na karɓi ƙoƙon da rawar jiki, na gasa tsinken ƙarfe, na fara huda daga baki ina gangarawa. Ban kai rabi ba sai na ji ƙas! Tsagar ta ruga har gindi, ƙoƙo ya rabu biyu a hannuna. Baba Na'iya ko ɗaga kai bai yi ba.

Ya ce, «Kai yaro, tsaga tahiya takai. Wanda ka son tsai da matahiyi, gabanai shika tarewa, ba bayanai ba.»

Nufinsa shi ne, hudar farko a ƙarshen tsagar ake yin ta, can inda ido bai ma gama ganin ta ba, don ta tsaya nan. Sannan ka dawo ka jera sauran. In ka huda kusa da bakin tsagar, wurin ya ɓalle. In ka yi nisa, ɗinkin ya bar kafa. Tsinken kuma in ya yi ja da yawa ya ƙone naman ƙwaryar, in bai yi zafi ba ya fasa ta. Kana shimfiɗa siririn ƙulli na kaba a kan tsagar, ka bi shi da basilla kana ja, kuma jan nan kowace ƙwarya da irin wanda take ɗauka. Ta tudu mai kauri tana son ƙarfi. Ta fadama mai laushi, ka matsa mata ta yage. Wannan ba a faɗa maka shi, sai ka lalata na mutane da dama ka sha zagi, yatsunka su gane.

Akwai wata Bafulatana daga wajen Bana da na yi wa aikin ƙwarya guda tun tana amarya har ta aurar da ɗiya. Da farko ƙwaryar nono ce, fara sol. Ta faɗi ta tsage, na ɗinke, sai ta daina shan nono ta koma ta gari, don ɗinki yana riƙe tsami. Ta sake tsagewa, na sake ɗinkewa, ta koma ta tsaba. Daga nan ta sheƙa, daga nan ta dusar kaji. Ranar da ta kawo mini ita ba sauran wurin huda, na ce mata, «Inna, wagga kam ta gama.» Ta ce, «Ta gama a wurinka.» Ta sa na yanka mata mara biyu ta kwasar tuwo daga gefen da ya rage, sauran sakainar ta kwashe a gefen zane, wai ta ɗibar wuta. Haka gidaje suke a lokacin. Ruwan da aka wanke shinkafa akuya ke sha. Wanda aka yi wanka da shi yana gangarawa gindin lalle. Tokar murhu ana tace ta, karan dawa ya zama danga, dangar in ta tsufa ta shiga wuta.

Kada ku rubuta wa mushenku cewa mu waliyyai ne. Ba tsoron Allah ne kawai ya sa muke haka ba, wahala ce. Macen da ta ɗauko ruwa a ka tun daga gulbi ba ta watsar da shi a tsakar gida. Wanda ya shuka duma, ya jira shi damina guda, ya fafe, ya jiƙa, ya kankare, ba ya jefar da ƙwarya don ta yi tsaga. Ku kuwa famfo na zuba kuna hira. Robar wanki ta fashe, a cilla ta bayan gida, a sayo wata. Ba ta ruɓewa, akuya ba ta ci, in an sa ta wuta hayaƙinta ya kori mutane. Jiya na bi ta bakin gada na ga inda muke wankin kaba a da, ledoji sun rufe shi har ban gane wurin ba. Ban ce ku koma ɗaukar tulu ba, ni ma da roba nake alwala yanzu. Na dai faɗa muku abin da idona ya gani.

Abu guda ne Baba Na'iya ya hana ni ɗinkawa, goran masunta. Wataƙila ba ku taɓa ganin sa ba, yanzu kowa bido, jarkar roba, yake ɗaurawa. Wani ƙaton duma ne, mutum ba ya iya zagaye shi da hannu biyu, ana fafe masa ɗan baki a sama. Masunci ya kwanta a kansa da ciki, bakin na manne da cikinsa, ya shiga ruwa mai zurfi yana tuƙi da ƙafa, homa, ragar kamun kifinsa, a hannu, kifin da ya kama ya jefa ciki. Jirginsa ke nan, rumbunsa ke nan. Baba Na'iya ya ce ƙwaryar gida in ɗinkinka ya saki, gari ne ya zube. Gora in ya saki, mutum ne. Har ya rasu ban ga ya taɓa ko ɗaya ba, ni ma na riƙe wannan har muguwar shekara ta zo.

Zamanin soja ne. Ruwa ya ɗauke tun gero bai yi kai ba, gonaki suka ƙone a tsaye. Duma kuwa da ma mai son ruwa ne, ko ɗaya bai yi ba daga nan har Karakara. Ga iyakar Najeriya a rufe, abin da ake samu daga can ya yanke, masu kaki sun cika bakin ruwa da hanyoyi. Aiki bai taɓa yi mini yawa kamar shekarar ba, kuma ban taɓa jin yunwa kamarta ba. Mata suka zazzago tsofaffin ƙore daga ƙarƙashin gado da saman rumbu, waɗanda kakanninsu suka ajiye, suna kawowa. Ladan kuwa ɗan tafin dusa ne, ko rogo guda, ko Allah ya saka. Ka wuni kana ɗinkin ƙwaryar da ka san ba abin da za a zuba a cikinta.

Wata safiya ina zaune a rumfata sai ga Tahiru da gora a ka, ya lulluɓe shi da tsohon buhu. Tahiru Basarke ne, masunci ɗan masunci, Dendanci ne bakinsu a gida, Hausa ta kasuwa ce. Mun saba, don ni ke yi wa matarsa Zalika gyaran ƙore, shi kuma in ya yi sa'a yakan ajiye mini ɗan tarwaɗa. Ya sauke goran, ya waiwaya hagu da dama, sannan ya yaye buhun. Tsaga ce daga kafaɗa ta gangaro kusan kamu guda. Wai jaki ne ya ture shi daga kan turmi.

Na ce, «Sannu. Ka nemi wani.»

Ya ce, «Ina? Na tahi Malanbil, na tahi Bana. Babu. Wanda ad da shi ba shi saidawa ko da saniya.»

«To ka shiga jirgin wani.»

«Wane jirgi, Sanda? Gulbi ya janye, jirage na bisa rairai. Kihi duk ya taru cikin gurbuna masu zurhi, sai mai gora.»

Na gaya masa abin da maigidana ya ce. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, «Maigidanka ya yi gaskiya. Amma yarana jiya ganyen tafasa sunka ci, shekaranjiya ma shi. In ka ɗinka, wataƙila in mutu. In ba ka ɗinka ba, ba wataƙila.»

Na ce ya bar shi ya dawo jibi.

Goran nan ya ci mini wuni biyu, kuma ban taɓa yin aiki da tsoro irin nasa ba. Kaba ba ta yi, don ba ta kumbura sosai. Ƙaro ba ya yi, ruwa na narkar da shi. Sai na tuna yadda igiyar rama ke yi a bakin rijiya, in ta jiƙa ta kumbura har ƙullinta ya gagari kwancewa. Na samo rama, na murza zare da kaina a cinya, mai kauri da siriri. Na tsai da tsagar a ƙarshenta. Na yi hudar a karkace, ƙanana, yadda zaren zai shiga da ƙyar. Na cusa sassauƙar rama cikin tsagar kanta da bakin wuƙa, na shimfiɗa ƙulli ciki da waje, hannuna guda a cikin goran har kafaɗa, ina karɓar basilla a makance. Ban ja ɗinkin ya ƙare ƙarfinsa ba, da gangan, na bar wa ruwa wurin da zai cika. Da na gama muka kai shi gulbi can nesa da idon mutane, muka danne shi cikin ruwa ya kwana. Washegari muka zuba duwatsu a ciki, Tahiru ya hau, ya yi ta yawo a kansa har rana ta take. Na zura hannu. Ko laima babu.

Ya yi dariya, rabon da in ga haƙoransa tun kafin damina. Na ce ya tsaya, da sharaɗi.

«Wanga gora ba shi son rana. Ruwa ne ka riƙe ɗinkin. Ranad da ya bushe, zaren ya tsuke, kowace huda ta zama ƙofa. In ya taɓa bushewa, sai ya kwana cikin ruwa kahin ka hau shi. Ka ji?»

Ya ce, «Na ji. Ba ni ma kai shi gida. Nan cikin burgu, ciyawar bakin ruwa, zan ɗaure shi.»

Dalilinsa biyu ne. Na farko sharaɗina. Na biyu kunya, don a wurinsu masuncin da ke hawan gora mai ɗinki abin dariya ne, kamar mai doki a kan jaki. Ya naɗe shi da igiya yadda ɗinkin ba ya fita sosai, kullum in ya fito ya ɗaure shi cikin ciyawar bakin ruwa, ya tafi gida da kifinsa. Haka aka yi ta yi har sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Gidansa aka koma ɗora tukunya. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta rumfata, in tambaye shi, ya ce, «Yana nan kamar jiya.» Ni kuwa duk ranar da bai biyo da wuri ba, basilla ba ta zama a hannuna.

Da zafi ya tsananta gurbunan kusa suka ƙare, masunta suka riƙa gangarawa wajen iyaka. Can masu kaki suka kama wasu, har da Tahiru, wai ƴan fasa-ƙwauri ne. A lokacin ba a tambayar dalili. Aka tsare su kwanaki, ana sa su dakon duwatsu a rana. Na ji labarin kamun, na yi masa addu'a kamar kowa. Goran bai zo mini a rai ba, don a sanina yana cikin burgu.

Ranar da na ji an sake su, ranar na ji rasuwarsa. Da hantsi ya iso gida, kafin azahar ya shiga gurbin da ke ƙasan gari, la'asar aka ciro shi. Waɗanda ke gefe sun ce yana tsakiyar ruwa suka ga goran na nutsewa a hankali. Tahiru ya iya iyo tun yana rarrafe, amma homa na ɗaure a hannunsa, ga shi ya fito daga tsare ba ƙarfi. Na je jana'iza, na je gaisuwa, na zauna can baya. Ba wanda ya ce mini komai, don ba wanda ya san hannuna na ciki. Na dawo na rufe rumfa. Na yi baƙin ciki ƙwarai, kuma abu ɗaya ke cin raina: wane ɗinki ne ya tsinke, a ina na yi sake? Na bi aikin nan a kaina huda bayan huda, ban samu ba.

Bayan Zalika ta fita takaba sai ga ta a rumfata da goran a ka. Ashe sun tsamo shi. Ta rame har na so in kasa gane ta. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya, ta sauke shi a gabana. Na kwance igiyar, na bi ɗinkin da yatsa ciki da waje. Ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Ta ce, «Gyartai, na gane hannunka tun ranar da Garba ya kawo shi gida.» Garba babban ɗansu ne, a lokacin ya fara zama saurayi.

Na ce, «Gida? Yaushe?»

«Da anka kama babansa. Ya gan shi cikin burgu, ya ji tsoro kar a sace, ya ɗauko. Ka ga yadda ya zo? Duk gansakuka, ga wari. Na ce kayan maigida ba su zama haka. Na wanke shi da toka, ciki da waje, na kihe shi bisa rumfa kamar sauran ƙore. Kullum ina juya shi, ya sha rana ya bushe ƙayau.»

Ta faɗi haka ne da ɗan abin da ya rage mata na alfahari. Kuma ba ta yi wani abu ba sai abin da uwarta ta koya mata, abin da kowace macen kirki a garin nan take yi wa ƙwarya tun da aka san ƙwarya. Wadda ba ta shanya ƙorenta ita ake kira ƙazama.

Na ce, «Da ya dawo, shi ya sauko da shi?»

«Shi. Ya tsaya ya daɗe shina kallon shi. Na ce, ka ga na gyara maka. Ya ce, kin kyauta. Ya dubi yara, kwana biyu ba su ci komi ba, ƙaramar ko kuka ta daina. Ya ɗauka ya hita.» Ta share ido da gefen mayafi. «Aƙalla dai da tsabtatacce ya tahi.»

Tahiru ya sani sarai. Ya san goran na bukatar kwana cikin ruwa, ya duba ya ga yaransa ba su da kwanan da za su ba shi, kuma bai bar wa matarsa kalma guda da za ta ɗauka ba. To ni wane ne da zan ba ta?

Ta ce, «Abin da ya kawo ni, ka ƙara mishi ɗinki, ka matse shi da kyau. Garba zai hau. Ba mu da kowa sai shi.»

Na dubi goran. Zan iya gaya mata sharaɗin, amma da na buɗe baki ta gane abin da ya faru, ba wawiya ba ce. Zan iya gaya wa Garba a ɓoye, amma yaro ne, wata rana zai manta, ko ya faɗa, ko wata mai son sa ta sake wanke masa. In na ce ba na yi, ta kai wa wani, ko su hau shi haka.

Na ce ta ba ni wuri. Na jawo zarto, na dafe goran da gwiwa, na sa masa a tsakiya.

Ta yi ihu, «Gyartai! Mi kake yi? Kai!»

Ban tsaya ba sai da ya rabu biyu. Na kankare bakin kowane, na jera mata su.

Na ce, «Ga masaki biyu. Su yi miki tallan rogo. Wanga ba shi ƙara shiga ruwa.»

«Don mi?»

«Ɗinkina ne bai yi ba. Ba ni ƙarawa.»

Mutanen kasuwa sun taru. Ta ce, «Ka kashe min miji, ka kashe min gora. Allah ya isa.» Ta haɗa masakan, ta ɗora a ka, ta tafi.

Maganar ta zaga gari, aiki ya ragu mini sosai, har wasu matan suka riƙa kai ƙorensu hayin gulbi. Garba bai zama masunci ba, dako ya kama a bakin gada, yana nan da ransa, har ya yi jikoki. Zalika kuwa ba ta sake gaishe ni ba. In mun haɗu a hanya sai ta juya fuska ta tofar da yawu. Shekarun baya ta rasu tana riƙe da ni, na bi gawarta har kushewa, na zuba ƙasa da hannuna.